Wa Ke Biyan Bashin Maigida?

Yau a kan bashin gida za mu yi magana. Ku karanta sannu a hankali. Wanda ya gaji ya aje, gobe ya ci gaba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna.

Ni malamin yaƙi da jahilci ne. Da rani nake koyar da manya, mata da la'asar, maza da dare. Wata tambaya da wani ɗalibina ya yi mini ita ta sa na ɗauki alƙalami. Da yardarsa da ta matarsa nake ba ku labarin, amma ba zan faɗi sunansu ko garinsu ba.

Kun tuna daminar 2024. Ruwa ya yi yawa a Nijar, gidaje dubbai suka rushe. Wannan mutum ɗakunansa biyu suka faɗi. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Da kaka ta yi, ya ce ba zai sake rufin ƙasa ba. Ya sayi kwano da katako da siminti, ya biya magini. Abin hannunsa bai isa ba. Sai ya jinginar da gonarsa ta fadama ga wani mai hali a kan jika 200. Ya kuma karɓi jika 100 a wani asusun ba da bashi.

Wata rana da dare muna lissafi a aji, ya ɗaga hannu ya ce: "Malam, bashi ya hana ni barci. Na ƙudura sai na biya duka kafin wata kaka ta zagayo. Na sayar da wake, na rage kuɗin cefane, yanzu hatsi buhu 3 zan kai kasuwa. Na yi daidai ko ban yi ba?" Duk ajin suka ce ya yi namijin ƙoƙari. Ni ma na ce madalla.

Kashegari a ajin mata, na ce kowace ta rubuta abin da ta sa a miyar jiya. Waɗansu suka rubuta kalma biyar, waɗansu shida. Matar mutumin nan kalma uku ta rubuta: ruwa, kuka, gishiri. Na zaci ba ta iya rubuta mai da daddawa ba. Na matsa in taimake ta. Ta rage murya ta ce: "Malam, na iya rubuta su. Babu su ne."

Tun ran nan nake jin kunyar madallar da na ce. Kuma tun ran nan nake tambayar kaina: idan maigida yana gaggawar biyan bashi, wa ke biya a gaskiya?

Bashin gida iri-iri ne

Ba mu kaɗai ke da wannan damuwa ba. A Amurka, yawancin masu sayen gida bashin banki suke ci. Suna biya wata-wata har shekara 20 ko 30, kuma gidan shi ne jingina. Wanda ya kasa biya, banki ya karɓe gidan. A wajen 2008 miliyoyin iyalai a Amurka sun rasa gidajensu ta haka. A nan ƙasarmu ma, a ƙarshen 2018 an buɗe bankin gidaje a Yamai, don masu neman bashin gini.

Mu mutanen karkara bashinmu na gini yakan zo ta hanya huɗu. Akwai rance daga ɗan'uwa ko aboki. Akwai kayan gini da mai kanti ke ba ka, ka biya da kaka. Akwai bashin asusu ko na banki, wanda ke da ruwa. Sannan akwai jinginar gona. Hanyoyin sun bambanta, amma tambayar ɗaya ce ga Ba'amurke da Ba'are: in matse iyalina in biya da wuri, ko in biya sannu a hankali iyalina su samu sarari?

Mai gaggawa yana da hujja

Kada ka zaci ina hana biyan bashi da wuri. Ɗalibina yana da hujjoji masu ƙarfi, kuma ya kamata mu ji su.

Da farko, bashi haƙƙin wani ne. Malamai suna gaya mana cewa mai hali idan yana jan biya, zalunci yake yi. Mutuwa kuma ba ta sallama. Ka sani kafin a raba gado, sai an fid da bashin mamaci. Wanda ya bar bashi ya bar wa marayunsa kaya.

Na biyu, bashi mai ruwa girma yake yi, ko kana barci. Hukumomin kuɗin sefa na Afirka ta Yamma sun tsayar cewa daga farkon 2014 ruwan bashin ƙananan asusu kada ya wuce 24 cikin 100 a shekara. Wato mai bashin jika 100 ana iya ƙara masa har jika 24 a shekara, jika 2 ke nan kowane wata. Jika 24 ba ƙaramin kuɗi ba ne a gidan manomi.

Na uku, gonar da ke jingina ba ta ciyar da mai ita. A takarda kuɗin bai ƙaru ba, amma kowace damina wani ke kwashe amfanin. Malamai da yawa ma ba su yarda mai riƙe da jingina ya riƙa cin amfanin gona haka kawai ba. Kuma idan shekaru suka yi yawa, shaidu su mutu, ƴaƴa su tashi ba su san yadda aka yi ba. Nan rigimar gona ke farawa.

Na huɗu, akwai mutunci. Mai bashi yakan sauya hanya a kasuwa don kada ya haɗu da mai binsa. Yakan kasa yin magana a taro. Duk wanda ya taɓa ci ya san wannan nauyi.

To, duk wannan gaskiya ne. Amma lissafin bai cika ba. Akwai waɗansu masu bin maigida bashi da bai sa su a ciki ba.

Masu bin bashi da ba su sallama a ƙofa

Mai kanti in ya ji shiru, yaro yake aikowa. Asusu yana aiko takarda. Amma a cikin gidanka akwai masu haƙƙi a kanka da ba su aiko kowa. Saboda shirunsu, su aka fi saurin dannewa.

Na farko shi ne ƙaramin yaro. Masu aikin lafiya suna magana a kan kwana 1000 na farko, daga shigar ciki har yaro ya cika shekara 2. A cikin kwanakin nan ne jiki da ƙwaƙwalwa suka fi saurin ginuwa. Yaron da bai samu abinci mai gina jiki ba a lokacin yakan tsumbure, kuma da wuya ya maido duk abin da ya rasa, ko da daga baya rumbu ya cika. Wake da gujiya da madara da ƙwai da ganye su ke gina shi. Mai ciki da mai goyo su ma haka. Bashin kwano ana iya ɗaga shi zuwa baɗi. Girman yaro ba ya ɗaguwa.

Na biyu ita ce matarka. Ɗalibin nan nawa ya sayar da akuyar matarsa ya kai wa asusu. Bai tambaye ta ba. Ya ce ai ɗakin nata ne. Amma a addini da al'ada, dukiyar mace tata ce. Akuyarta tata ce, abin da ta noma a gamanarta nata ne. Wurin kwana kuwa haƙƙinta ne a kan miji. Wanda ya ɗauki akuyar matarsa ba da yardarta ba don ya biya bashi, bai rabu da bashi ba. Ya dai sauya mai binsa. Da asusu ke binsa, yanzu matarsa ke binsa. In ta ba ka da daɗin rai, ka gode. In ranta maka ta yi, ka rubuta, ka biya.

Na uku ita ce gonar da ta rage a hannunka. Tana bin ka iri da taki da ƙarfin noma. Wanda ya sayar da iri ko jakin da ke kai taki, ya rage amfanin baɗi tun bai shuka ba. Wanda rumbunsa ya ƙare a watan Yuli, dole ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago gonar wani don ya samo tiyar yau. Kafin ya dawo, haki ya ci tasa.

Na huɗu ita ce lafiya. Zazzaɓin sauro ya fi yawa a ƙarshen damina, daidai lokacin da aljihu ya bushe. Yaro mai zazzaɓi ba ya jiran ranar kasuwa. Gidan da ya kwashe kome ya kai wa mai bashi, har kuɗin mota zuwa likita ya rasa, ya sa ran yaronsa cikin hatsari.

Na biyar shi ne karatun yara. Wani yakan cire ɗansa daga makaranta ya tura shi ci-rani, ko ya tsayar da ƴarsa ga talla, don a gama biya da wuri. Kai da ka zo ajin manya da furfura a gemu, ka fi kowa sanin abin da rashin karatu ya jawo maka. Yaro bai ci bashin ba. Don me zai biya da iliminsa?

Mu yi lissafi

Ɗauko allo ko littafi, mu yi tare. Kuɗin da zan faɗa misali ne kawai. Kai ka sa na kasuwarku.

A ce mutum ya sayar da hatsin ci buhu 3 da kaka, kowane buhu jika 20. Ya samu jika 60, ya kai wa asusu tun lokacin biya bai yi ba. Me ya tsira da shi? Ruwan jika 60, in ana ɗaukar 2 cikin 100 a wata, har wata 8, bai kai jika 10 ba.

To, ga damina ta yi tsaka, rumbu ya ƙare. Dole ya sayo buhu 3 ɗin nan. A ce yanzu buhu ya kai jika 30. Jika 90 ke nan. Ya sayar a 60, ya saya a 90. Hasararsa jika 30. Ya guje wa jika 10, ya faɗa wa jika 30. Kuma ina zai samo jika 90 a watan Agusta? Wani bashin zai ci. Wataƙila ma bashin hatsi, irin wanda ake karɓar tiya ɗaya a biya fiye da haka da kaka. Wannan shi ne garin neman ƙiba a samo rama.

Gaskiya ba kowace shekara hatsi ke tashi haka ba. Wata shekara farashi yakan tsaya, har ya sauka. Amma yawancin shekaru yana tashi tsakanin kaka da damina, kuma ba a caca da abincin yara.

Ka ga ke nan, biya da wuri ba kullum yake zama riba ba. Ya danganta da inda ka samo kuɗin. In rarar da ta wuce bukatar gida ce, ka ci riba. In daga tukunya ka ɗebo, ka faɗi.

Tattali daban, ƙwauro daban

Wani zai ce: "Malam, to in ba mu matse ba, da me za mu biya?" Tambayarsa daidai ce. Bashi ba ya biyan kansa. Dole a rage wani abu. Maganar ita ce: me za a rage, kuma daga wa za a fara?

Ga yadda nake gani. Wanda ya ci bashin shi ya kamata ya fara jin zafinsa. Tattali daga aljihun maigida yake farawa. Na tambayi mazan ajina abin da suke kashewa a shayi da sukari da goro da taba da katin waya. Da yawa ba su taɓa ƙirgawa ba. A ce dala 40 ne a rana. A wata jika 6 ke nan. A shekara jika 72. Ko rabi mutum ya rage, ya samu jika 36 bai taɓa miyar gidansa ba. Mutumin da ke shan shayi sau uku a majalisa, alhali yaransa na cin miya babu mai, ba tattali yake yi ba. Ƙwauro yake yi, kuma a kan marasa ƙarfi.

Bayan aljihun maigida, sai abubuwan da muke yi don idon jama'a. Anko, da gasar kayan ɗaki, da bikin da ya fi ƙarfin mai shi, da sabon babur, da sabuwar waya alhali tsohuwar na aiki. Ƙarin aure ma yana iya jira har a sauke nauyi. Ke ma uwargida akwai naki a nan. In maigida ya bar shayi, ke ma ki haƙura da ankon bana.

Akwai wata tambaya da ya kamata kowa ya yi wa zuciyarsa. Gaggawar nan don tsoron haƙƙi nake yi, ko don a ce wane ya biya cikin shekara guda? Rufin kwano ana hango shi daga nesa. Biyan bashi da wuri ana yabonsa a majalisa. Miyar gida kuwa babu mai gani sai masu ci. Shi ya sa muke saurin gyara abin da ake gani, mu bar wanda ba a gani. Wani lokaci girman kai yakan sa rigar tsoron Allah, har mai shi ma bai gane ba.

Amma kada mai son jiki ya fake da maganata. Akwai wanda in mai bashi ya zo sai ya ce iyali sun yi masa yawa, gobe kuma a gan shi da sabuwar riga. Wannan ya ci amanar mai bashi, ya kuma yi ƙarya da sunan iyalinsa. Mai matse iyali da mai jan biya duk sun danne haƙƙi. Bambancinsu kawai wanda suka danne.

Kuma ko ana tattali, a bar wa gida ɗan abin farin ciki. Yaro ya samu ko riga ɗaya ran salla. Baƙo ya samu fura. A ci nama ko sau ɗaya a wata in da hali. Don mutane aka gina ɗakin. In aka gama biya cikin shekara guda, mata ta yi yaji, yara sun rame, wa zai ji daɗin inuwar kwanon?

Shekara ba ta da tabbas

Tsofaffinmu sun ga yunwar 1973 da 1974. Iyayenmu sun ga farin 1984. Mu ma mun ga wahalar 2005, bayan fari da fara na 2004, mun kuma ga ta 2010. A ƙasarmu wata damina tana zuwa da albarka, wata ta zo da gardama. Wanda ya yi alkawarin biya bisa lissafin shekara mai kyau, shekara maras kyau za ta mai da shi maƙaryaci.

Kuɗin ci-rani ma haka suke. Samarin Arewa da yawa Najeriya suke zuwa. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakarta, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020. A 2023 aka sake rufewa na wasu watanni, darajar naira kuma ta faɗi ƙwarai. Wanda ya dogara ga abin da ɗansa zai aiko ya ga yadda lissafi ke rushewa.

Saboda haka ɗan ajiya a gida wajibi ne, ko da bashi a wuyanka. Tunkiya ɗaya, ko buhu ɗaya da ba a taɓawa. Wanda ya biya duka ya zauna hannu wofi, ƙaramar matsala za ta mai da shi ƙofar mai bashi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da nake ba ka shawara

Na ɗaya, zauna da iyalinka ku ƙirga rumbu. Matarka ta fi ka sanin tiya nawa ake ci a rana. A ce tiya 2 ce. Daga Nuwamba zuwa sabon hatsi kamar kwana 300 ne. Tiya 600 ke nan. In buhu yana cin tiya 40, buhu 15 kuke bukata. Wannan ba na sayarwa ba ne. Ka ware iri. Ka ware wake da gujiya na ci. Ka aje kuɗin magani da na kayan makaranta. Abin da ya rage bayan haka, shi ne na mai bashi, kuma kada ka ja masa rai a kai.

Na biyu, jera bashinka. Wanne ya fi ci maka? Mai ruwa ana lissafa ruwansa. Jingina ana lissafa amfanin da gonar ke bayarwa a shekara. In fadamar da ka jinginar tana ba da abin da ya fi ruwan asusu, ita ya kamata ka fara tara wa kuɗi, kana biyan asusu a kan ƙa'idarsa. Rancen ɗan'uwa ba shi da ruwa, amma kada ka mai da shi na ƙarshe don kawai yana jin kunyarka. Shi ma yana da iyali. Ku tsayar da rana.

Na uku, je ka ga mai bin ka tun bai neme ka ba. Zuwa da kai ya fi saƙo. Gaya masa gaskiyar abin da za ka iya, da lokacin da za ka iya. Yawancin masu bashi ɓuya ce ke ɓata musu rai fiye da jinkiri. In asusu ne ko banki, ka tambaya: in na biya da wuri, za a rage mini ruwa? A wani tsarin ana ragewa, a wani ba a ragewa. In ba a ragewa, gaggawarka ba ta ƙara maka ko dala ba.

Na huɗu, rubuta kome. Nan karatunka zai yi maka rana. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Sayi littafi guda. Rubuta ranar karɓa, da yawan kuɗi, da ranar kowane biya, shaidu su sa hannu. In jinginar gona ce, ka sani dokar ƙasar karkara ta 1993 ta kawo kwamitocin kula da filaye. Na matakin gari ana kiransa Cofob, maigari ke shugabantarsa. Ana yin takardar jingina ta hannunsu. Takardar nan ita za ta yi magana ranar da kai da shaidunka ba ku nan. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba ka karanta ba, ko ba a karanta maka ba.

Na biyar, nemi ƙari, kada ka tsaya ga ragi kaɗai. Ragi yana da iyaka. A fadamun Dallol Mauri ruwa ba shi da nisa, lambun rani yana kawo kuɗi. Kiwon rago daga kaka zuwa layya yana kawowa. Mata suna da adashi, suna da ƙungiyoyi irin na Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991. Akwai kuma jinginar hatsi da ake kira warantaji, wadda ta fara yaɗuwa a Nijar wajen 1999. Ƙungiyar manoma ta zuba amfaninta a ɗakin ajiya mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannunta, ɗaya a hannun mai ba da bashi. Manomi ya karɓi rance ya yi sana'ar rani, in ya biya ya ɗauki hatsinsa. In akwai irin wannan kusa da ku, ku je ku ji sharuɗɗansa da kyau kafin ku shiga.

Yadda muka ƙare

Na koma wurin ɗalibina ni da shi kaɗai. Na ce masa madallar da na faɗa na yi gaggawa. Ban gaya masa abin da matarsa ta rubuta ba, sai daga baya ita da kanta ta gaya masa. Muka yi lissafin rumbu a allo. Ya ga buhu 3 ɗin nan na cikin abin da gidansa zai ci. Ya daɗe bai ce kome ba. Sannan ya ce: "Ashe yarana ke biya."

Ya fasa sayar da hatsin. Ya bar taba, ya rage shayi. Ya rubuta kuɗin akuyar a littafinsa a layin bashi. Ya ci gaba da biyan asusu a kan ƙa'ida har ya gama. Shi da mai riƙe da gonar suka je wurin maigari aka yi takarda, aka sa shekara 3. Har yau fadamar ba ta dawo hannunsa ba. Ya ce duk ran da ya bi ta gefenta ya ga wani a ciki, zuciyarsa takan yi zafi. Haƙuri yake yi yana tarawa.

Ba kowa ya yarda da ni ba. Da muka tattauna maganar a aji, wani dattijo ya ce: "Malam, in ya mutu gobe fa, da bashi a wuyansa?" Na ce: "Baba, maganarka tana da nauyi. Amma wanda ya rubuta bashinsa, ya sanar da iyalinsa, yana biya iyakar ƙarfinsa, bai yi kama da mai gudu ba. Ciyar da iyali ma haƙƙi ne da za a tambaye shi." Dattijon ya ce zai tambayi limami. Na ce madalla, ya dawo mana da amsa. Wannan madallar ban ji kunyarta ba.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Cinsa don a rufa wa iyali asiri ba abin kunya ba ne. Biyansa wajibi ne, biyansa da wuri kuma alheri ne, muddin da rararka da gumin jikinka ka biya. Kafin ka kai wa mai bashi kuɗi tun lokaci bai yi ba, leƙa tukunya, leƙa rumbu, dubi yaranka. Sannan ka tambayi kanka: kuɗin nan daga bakin wa na ɗebo su?

Ga tambayoyi da za ku tattauna a ajinku. Tiya nawa gidanku ke ci a rana, kuma buhu nawa ke nan har sabon hatsi? Me maigida zai iya ragewa daga nasa, me uwargida za ta iya ragewa daga nata? A garinku ana rubuta jinginar gona ko da baki ake yi? Kowa ya rubuta amsarsa da hannunsa. Wanda ke da ra'ayin da ya saɓa wa nawa, ya rubuto mana, za mu karanta.

Allah ya biya wa mai bashi, ya ba mu damina mai albarka. Amin.